Jagorancin Masu Shara da Goge-goge a Gidan Likita: Abin da Ke Wuyan Shugaba

A kowane gidan likita na ƙasarmu, daga CSI na ƙauye har zuwa manyan asibitocin Yamai da Damagaram, akwai ma'aikatan da ke riga kowa isowa: masu shara, masu goge ɗakuna, masu wankin makewayi da masu kwashe juji. Idan an ɗora maka shugabancinsu, ko ke ce aka ɗora miki, wannan bayani naka ne. A ofis ko a kanti, ido ne ke yanke hukunci: idan daɓe ya yi ƙyalli, aiki ya yi. A gidan likita kuwa, abin da ake yaƙi da shi ido ba ya ganinsa. Ɗaki yana iya yin fes yana ƙamshi, alhali ƙwayoyin cuta na nan a kan ƙarfen gado da marikin ƙofa. Wani rahoto da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar a asibiti, kimanin 15 sukan kamu da wata cutar da ba da ita suka zo ba. Wani kaso na rigakafin wannan yana hannun masu tsintsiya da bokiti, su kuma suna hannunka.

Saboda haka nauyi biyu ne a wuyanka: ka tabbatar gogen da ake yi yana kashe ƙwayoyin cuta da gaske, kuma ka tabbatar mutanenka sun koma gidajensu lafiya.

Sanin wuri da rabon aiki

Kafin ka ba kowa umurni, ka zagaya gidan likitar tare da majo ko shugaban ma'aikatan jinya, ɗaki bayan ɗaki. Ɗakuna ba daraja ɗaya gare su ba wajen haɗari. Ɗakin haihuwa, ɗakin ɗaurin miki, ɗakin awon jini da ɗakin da ake keɓe masu cuta mai yaɗuwa su ne kan gaba. Ɗakunan kwanciya na biye da su, sannan ofisoshi da rumfar jira. Makewayi kuma lissafinsa daban ne, domin gogen safe kaɗai ba ya isarsa, musamman ranar kasuwa ko ranar awon ciki da jama'a ke cika wurin.

Daga nan sai ka rubuta jadawali: wane ɗaki, wa ke da shi, sau nawa a yini, da wane lokaci. Ka manna shi a bango. Da yawa daga cikin masu wannan aiki ba su yi lakwal ba, don haka zane da launi sun fi dogon rubutu amfani, kuma sai ka bi jadawalin da baki tare da kowane mutum har ya riƙe nasa. Akwai wani gurbi da aiki ya saba faɗawa ciki: kayan da ma'aikacin jinya ke zaton mai shara zai goge, mai shara kuma yana zaton ba huruminsa ba ne. Sikelin awon jarirai, sandar rataya ƙarin ruwa da teburin kayan aiki duk suna cikin wannan rukuni. Ku zauna da majo ku raba su da suna, a rubuta.

Wajen rabo, kada makewayi ya zama gadon mutum ɗaya. Idan kullum sabon shiga ko wanda ba shi da uwa a gindin murhu ake tura wa, za ka ga aikin ya lalace, zukata kuma sun ɓaci. A riƙa juyawa mako-mako, kai ma wani lokaci a gan ka da safar hannu a can.

Yadda ake goge ɗaki

Ƙa'idar ba ta da wuya, amma sai an maimaita ta har ta zama jiki. Ana farawa daga wuri mafi tsabta zuwa mafi ƙazanta, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa. Daɓe shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne mutane suka fi kallo. Wuraren da hannu ke yawan taɓawa sun fi shi muhimmanci: marikin ƙofa, ƙarfen gado, kan famfo, makunnin wuta, teburin gefen gado.

A ɗakin da marasa lafiya ke kwance ba a yin busasshiyar shara. Tsintsiya tana tayar da ƙura, ƙurar ta sauka kan miki da kayan aiki da abincin majinyata. A lokacin hunturu, da hazo ke shigowa ta kowace kafa, sai ka ga mai shara ya ƙara ƙaimi da tsintsiya, nan kuwa lokacin ne aka fi bukatar jiƙaƙƙen tsumma. Tsintsiya ta tsaya a tsakar gida da baranda.

Bokiti biyu ake so aƙalla: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. Da ruwan ya yi duhu a zubar a sake, kuma ruwan da ya goge wani ɗaki kada ya shiga na gaba. Tsumman makewayi ba ya zuwa ɗakin haihuwa har abada. Hanya mafi sauƙi ita ce a bambanta su da launi, ko a ɗaura wa bokiti da sandar goge zare mai launi, kowa ya san ja na ina ne, shuɗi na ina. Bayan aiki a wanke tsummoki da sabulu, a tsoma su cikin ruwan jabel, a ɗauraye, a shanya a rana. Tsumman da ya kwana a jiƙe cikin bokiti gona ce ta ƙwayoyin cuta, gobe da safe kuma shi za a shafa wa ɗaki duka.

Haɗa ruwan jabel

Nan ne gwanintar shugaba take, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Wasu na zuba jabel da ido, su ce idan wari ya tashi ya isa. Wasu na tsimi har ruwan ya zama bai fi ruwan famfo ba. Na farko yana cin hannu da huhu da ƙarfen gado, na biyu kuwa yaudara ce, domin kowa ya saki jiki cewa an kashe cuta.

Da farko ka sani jabel ba ya aiki da kyau a kan dauɗa. Jini, majina, kashi da maiƙo suna cinye ƙarfinsa kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Don haka ana wankewa da sabulu ko omo tukuna, a ɗauraye, sannan a shafa ruwan jabel, a bar shi ya jima a jiƙe. Inda jini ya zuba, a bar shi kamar minti 10. Wanda ya shafa ya goge nan take ya yi asarar jabel kawai. Zuba omo da jabel cikin bokiti guda don a rage wahala shi ma ba dabara ba ce.

Ƙarfin ruwan da ake haɗawa ya danganta da aikin da za a yi. Inda jini ko wani ruwan jiki ya zuba, ana amfani da mai ƙarfin kashi 0,5 cikin 100. Don shafe tebur, gado da marikin ƙofa na yau da kullum, kashi 0,1 cikin 100 ya isa. Lissafin kuwa shi ne: ka duba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, ka raba shi da ƙarfin da kake so, ka cire 1. Abin da ya rage shi ne yawan mudun ruwan da za ka zuba wa mudu ɗaya na jabel. Misali, jabel mai digiri 12 yana da ƙarfin kusan kashi 3,6 cikin 100. Idan ka raba 3,6 da 0,5 za ka sami 7 da ɗoriya, ka cire 1, saura 6: kofi ɗaya na jabel, kofi 6 na ruwa. Idan kwalbar ta ce kashi 2,6 ne, kofi ɗaya na jabel, kofi 4 na ruwa. Daga wannan haɗin na 0,5 kana iya samun sauran: kofi ɗaya nasa da kofi 4 na ruwa ya ba ka 0,1, kofi ɗaya nasa da kofi 9 na ruwa ya ba ka 0,05.

Idan garin kulorin ne aka kawo muku, wanda ake kira HTH, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin 100, awon ya canza. Cokalin miya ɗaya a shafe yana ɗaukar kimanin giram 15. Cokali 5 cikin lita 10 na ruwa yana ba da 0,5. Ana zuba garin cikin ruwa, a motsa da sanda, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama mai garau a yi aiki da shi. Mazubin ya zama na roba mai murfi, domin kulorin yana cin ƙarfe. Garin kansa a ajiye shi a rufe, a busasshen wuri, nesa da fetur da gazuwal da duk wani mai.

Kada ka bar wannan lissafi a kanka kai kaɗai, kuma kada ka sa mutanenka su riƙa yin sa kullum. Ka sami jarka da kofi ɗaya na awo, ka ja layi da fenti a inda ruwa zai tsaya, ka rubuta ƙarfin haɗin a jikin jarkar. Ranar da aka sauya irin jabel ɗin da ake sayowa, ka sake lissafin, domin kwalabe na kama da juna amma ƙarfinsu ya bambanta. Jabel ɗin da ake ɗurawa a tsofaffin robobi ana sayarwa a kasuwa ba tare da rubutu ba, ba wanda zai iya ce maka ga ƙarfinsa. A gida yana iya wanke farar riga, amma bai dace da ɗakin haihuwa ba.

Zafi da hasken rana suna kashe ƙarfin kulorin. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Haɗin yau na yau ne: a haɗa da safe, a ajiye a inuwa a rufe, abin da ya rage gobe a zubar. Kuma kada a sayi jabel na wata shida a jibge a ɗakin kwano.

Abu guda da ya kamata kowane ma'aikacinka ya haddace tun ranar farko: ba a gauraya jabel da wani magani. Idan ya haɗu da ruwan asid da ake cire tsatsa da farin dutse na makewayi da shi, iska mai guba ke tashi, wadda ke ƙona ido da maƙogwaro, a cikin ƙaramin makewayi marar taga kuma tana iya kayar da mutum. Idan hakan ta faru, a fita waje nan take, a buɗe ƙofofi, a kai wanda ya shaƙa wurin ma'aikacin jinya.

Allurai da juji

A ƙididdigar OMS, kusan kashi 85 cikin 100 na jujin gidan likita shara ce irin ta gida: takardu, ledoji, ragowar abinci. Kashi 15 da suka rage su ne masu haɗari. Idan aka gauraya su, duka sun zama masu haɗari, kuma mai kwashewa ne ke fara gamuwa da su. Rabewa tana faruwa ne a inda aka yi aikin, watau a hannun ma'aikacin jinya, amma kai ne za ka tabbatar akwai mazubi uku a wurin: na sharar gida, na auduga da bandeji masu jini, da akwatin kwali na allurai da reza.

Akwatin allurai ana rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Ba a danna shi don ya ƙara ɗauka, ba a zazzage shi don a sake amfani da shi. Ledar juji ba a matsa ta da hannu ko da ƙafa, ba a rungume ta, ba a ɗora ta a ka. Allurar da aka gani a ƙasa da matsefi ko da abin kwasar shara ake ɗaukarta. Dalili kuwa: idan allurar da aka yi wa mai ciwon hanta iri B ta soki wanda bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa yana iya kaiwa kashi 30 cikin 100. Na ƙwayar sida ya yi ƙasa da haka sosai, kimanin 3 cikin 1000, amma ba wanda ke son ya zama cikin ukun nan. Ciwon hanta iri B yana da allurar rigakafi, sau uku ake yin ta. Sau da yawa idan ana lissafin ma'aikatan da za a yi wa, sai a manta da masu shara. Kai ne za ka kai sunayensu.

Idan allura ta soki wani, ya wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, kada ya tsotsa, kada ya matse, sannan a sanar da majo a wannan sa'ar. Maganin da ke kare mutum daga sida bayan irin wannan haɗari ana so a fara shi cikin awoyin farko, bayan awa 72 kuma lokacinsa ya wuce. Abin da ke hana mutane faɗa shi ne tsoron faɗa ko kora. Ka gaya musu tun kafin ta faru cewa wanda ya faɗi ba zai ji ko kalma ɗaya ta zargi daga bakinka ba, kuma ka cika alkawarin. Idan a kwandon shara aka tsinci allurar, laifin na wanda ya jefa ta ne, kuma aikinka ne ka kai maganar gaban majo cikin ladabi, ko da wanda ya yi ya fi ka muƙami.

Wurin ƙona juji, ramin toka da ramin mabiyiya su kasance a katange. Yara da awaki ba su san bambancin juji da juji ba.

Zama da mutanenka

Jama'a ba sa ba wannan sana'a girman da ta cancanta, ma'aikatanka kuma sun san haka fiye da kowa. Idan kai ma ka raina su, ba su da sauran wurin dafawa. Da yawa za su girme ka. Matar da ta yi shekara 20 tana goge ɗakin haihuwa ba za ta sauya hannu don ka daka mata tsawa gaban majinyata ba. Ka ja ta gefe ka ce, "Inna, zo mu duba wannan tare," ka ɗauki tsumman ka nuna, ka faɗi dalili. Mutum ya fi riƙe ƙa'idar da ya san dalilinta. Ka kuma saurare ta, domin ta san inda ruwa ke kwanciya da damina da lokacin da famfo ke ɗaukewa, abubuwan da ba a rubuce suke ba.

Sabon ma'aikaci kada a miƙa masa bokiti a ce ya bi sahu. Ya yi kwanaki yana aiki kusa da kai ko kusa da wanda ka amince da hannunsa. Ka koya masa wanke hannu da sabulu bayan cire safa, da cewa safar roba mai kauri ita ce ta aikinsa, siririyar safar ma'aikatan jinya ba ta tare komai a juji. Ka koya masa kuma riƙe sirri. Mai shara yana shiga ko'ina, yana jin komai. Labarin wanda aka kwantar da abin da ke damunsa ba ya fita ƙofar likita, ko da maƙwabcinsa ne.

Wajen duba aiki, kada ka tsaya a bakin ƙofa ka leƙa. Ka shafa farin tsumma a ƙarƙashin katifa, bayan ƙofa, saman kabad. Ka riƙa sauya lokaci da ɗaki. Wanda ya yi da kyau ka faɗa a gaban ƴan'uwansa.

Haƙƙinsu ma yana cikin aikinka, ko da ba kai ke biya ba. Dokar aiki ta ƙasa, ta shekarar 2012, ta tsayar da awa 40 a mako da hutun yini guda aƙalla, kuma daga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma sefa 42.000 a wata. Ma'aikacin da aka ɗauka ya kamata a yi masa rajista a CNSS, domin ita ce ke ɗaukar nauyi idan ya yi haɗari a bakin aiki. A wurare da dama masu shara ƴan kwangila ne, ko kwamitin kula da likita ne ke ba su ɗan abin da ya samu, albashin kuma yakan makara. Ba ka da ikon gyara wannan kai kaɗai, amma kana da ikon riƙe littafin zuwa aiki daidai, da rubuta kowane haɗari da ranarsa, da tunatar da na sama ba tare da gajiya ba. Wanda ya yi wata uku bai ga ko dala ba, wa'azin tsabta ba ya shiga kunnensa.

Idan annoba ta zo

Kwalara ta ɓarke a yankin Madarumfa a shekarar 2018, ta sake dawowa a 2021 ta taɓa jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa da wasunsu. A irin wannan lokaci masu shara suna sahun gaba, awo kuma yana canzawa. Amai da gudawar majinyaci ana zuba musu haɗi mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, watau giram 30 na garin kulorin cikin lita ɗaya, kafin a zubar a ramin da aka keɓe. Daɓe, gadaje da makewayi ana wanke su da 0,2, cokali 2 cikin lita 10. Na wanke hannu kuwa 0,05 ne, cokali ɗaya cikin lita 20. Jarkoki uku ke nan masu ruwa iri ɗaya a ido, don haka kowace da launinta da rubutunta, mutum ɗaya ne kuma ke haɗawa a kowane zubin aiki. Kayan goge na ɓangaren masu kwalara a can suke kwana, ma'aikacin da aka ba ɓangaren kuma ba ya zagawa sauran ɗakuna da takalmansa.

Ranar da mara lafiya na farko ya iso ba ranar koyo ba ce. Kafin damina ta faɗi, ka tara mutanenka ku gwada haɗin nan uku da hannu, ka ƙirga safa, takalman roba, rigar leda da abin rufe hanci da baki, ka ga ko sun isa kowa. Ka riƙe ƙaramin littafi na kaya: abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ake ci a mako. Idan ka san lita nawa na jabel kuke ci a mako da kwana nawa oda ke ɗauka kafin ta iso daga gunduma, ka san ranar da ya kamata ka kai takarda wurin majo, tun sauran na mako biyu a ɗakin ajiya.